Faifan Malam Maman Barka Da Kunnen 'Yan Kasuwar Matamaye

Duk wanda ya saba cin kasuwar Matamaye ya san cewa tun kafin rana ta take tsaka kunne ya riga ya gaji. Ga mai maganin gargajiya da amsa-kuwwarsa, ga injin niƙa, ga 'yan kabu-kabu, ga kuma rumfunan samarin nan masu cajin waya da tura waƙoƙi a memori, kowannensu ya ƙure sifikarsa yana neman ya danne na kusa da shi. Mun saba da wannan hali har ta kai idan janareta ya mutu wuri ya yi tsit, sai mu riƙa waige-waige kamar an yi wani abu.

A cikin irin wannan hayaniya ne, wata ranar kasuwa bayan la'asar, lokacin da ciniki ya fara lafawa, wani tela da ke zaune bayan rumfunan 'yan hatsi ya kunna wani kiɗa a 'yar rediyonsa mai cin memori. Bai ƙure murya ba, domin don kansa ya sa. Sai ga wata dattijuwa mai sayar da banda ta zo wucewa da kwandonta a ka, ta ja ta tsaya. Ta ce, "Malam, wannan ba muryar Maman Barka ba ce?" Ya ce, "Ita ce, Hajiya." Ta ce, "Muryar dai na gane ta, amma wannan ba gurminsa ba ne." Ya ce mata ai wani abin kiɗa ne na mutanen tafkin Chadi. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta sauke kwandon ta zauna a bakin benci har waƙar ta ƙare, sannan ta ce ita kam ta manta rabon da ta zauna ta saurari waƙa tun daga farko har ƙarshe. Mu da muke wurin muka yi dariya, amma da muka koma gida muka auna maganar, sai muka ga ashe ba ita kaɗai ba ce.

Wannan ne ya sa muka nemi faifan gaba ɗayansa muka saurara, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma muka ga ya dace mu kawo maganarsa a wannan fili, duk da cewa abin da muka fi sabawa da tattaunawa shi ne farashin tiya, canjin Naira da Sefa, da halin da ake ciki a iyakar Ɗan Barto. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, faifan nan kaya ne mai kyau, kuma namu ne, amma baƙi ne suka san darajarsa suka saya, mu kuwa masu shi muka bar shi ya yi kwantai. Laifin kuma bai tsaya a kan gwamnati ko a kan samari ba, domin kuwa tun fil azal 'yan kasuwa da matan kasuwa suna cikin manyan masu ciyar da makaɗi a ƙasar Hausa.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, Malam Maman Barka ɗan wannan jiha tamu ta Damagaram ne, haifaffen Tasker, daga cikin Tubawa makiyaya. Ya yi lakwal har ya zama malamin makaranta, sannan ya yi suna da gurmi mai tsirkiya biyu, yana waƙa da Hausa da sauran harsunan ƙasa, har kaset-kaset ɗinsa suka ƙetare iyaka suka shiga Nijeriya. Da wuya ka samu tsohon direban da ya yi layin Damagaram zuwa Kano wanda bai san muryarsa ba. Allah ya yi masa rasuwa a birnin Yamai a watan Nuwamba na shekarar 2018. Allah ya jiƙansa da rahama.

A shekarar 2002, lokacin da yake da sunansa, yake kuma da abin da zai ci, ya samu tallafin hukumar UNESCO, ya tattara ya nufi tafkin Chadi wurin Buduma, mutanen nan da rayuwarsu ta dogara ga kamun kifi da kiwon shanu a tsibirai. Abin da ya kai shi shi ne wani abin kiɗa da ake kira biram, mai tsirkiya biyar, wanda jikinsa na itace ne dogo kamar kwalekwale, an rufe shi da fata. A lokacin mutum ɗaya ne ya rage da aka san ya ƙware a kansa, wato wani dattijo mai suna Bukar Tar. Malam ya sauke girmansa ya zauna gaban dattijon ya koma ɗalibi, ya koyi kiɗan da waƙoƙin da ke tafiya tare da shi. Bukar Tar ya damƙa masa biram, daga baya kuma Allah ya karɓi ransa. Jama'a ku duba wannan lamari da kyau. Da tafiyar nan ta yi jinkiri da 'yan shekaru kaɗan, da an binne kiɗan al'umma guda tare da mutum guda.

Faifan da muke magana a kansa ya fito ne a shekarar 2009, kuma wani kamfani na birnin Landan mai suna World Music Network ne ya fitar da shi, da sunan Introducing Mamane Barka, wato gabatar da shi ga waɗanda ba su san shi ba. Mutum biyu ne kacal suka yi aikin. Malam yana riƙe da biram yana waƙa, abokin tafiyarsa Umaru Adamu, wanda aka fi sani da Mai Duma, yana riƙe da ɓangaren duma da kalangu da ƙwarya. Babu fiyano, babu kwamfutar da ke buga ganga, babu tarin 'yan amshi da aka tace wa murya. Itace ne da fata da tsirkiya da hannu da maƙogwaro, shi ke nan.

Abu na farko da zai kama kunnen mai saurare shi ne amon biram ɗin kansa. Ba shi da zaƙin garaya, ba ya kuma kuka irin na goge. Amo ne mai kauri da ke fitowa daga ƙasa-ƙasa, yana da ɗan gurnani a ƙarshensa, kamar igiyar guga da aka ja ta yi tauri a bakin rijiya mai zurfi aka taɓa ta da yatsa. Da yake tsirkiya biyar ba ta da yawan surutu, sai makaɗin ya kama zance guda gajere ya yi ta juya shi, ya tafi da shi ya dawo, ya ƙara masa wani abu kaɗan ya rage wani. Wanda ya saurara da gaggawa zai ce ai abu ɗaya ake ta maimaitawa. Amma duk macen da ta iya lugude ta san cewa turmi ɗaya ne, taɓarya ce dai ke sauka a wuri guda, amma saukar farko da ta ashirin ba ɗaya suke ba, kuma daɗin abin yana cikin wannan ɗan bambancin ne.

Abu na biyu shi ne hannun Mai Duma. Kada wani ya ɗauka cewa kiɗan barci ne don mun ce na mutum biyu ne. Gangar tana da gudu, tana da sassarfa irin ta raƙumin da ya hango gida, wani lokaci ita ce ke tura biram gaba, wani lokaci kuma ta ja baya ta bar masa fili. Kana jin cewa mutum biyu ne suke sauraron juna, ɗaya ya taɓa ɗaya ya amsa, kamar dillali da mai kaya da suka daɗe tare har kallo kawai ya ishe su gama ciniki. Kana jin saukar tafin hannu a kan fata. Bugun da kwamfuta ke yi ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya kuma jin abin da mawaƙi ke ji. Masu sayar da tufafi za su fi kowa gane abin da muke nufi, domin sun san bambancin saƙin hannu da yadin kanti. Yadin kanti ya fi santsi, zarensa ya fi daidaito, amma saƙi ake ajiyewa a ƙasan adaka a bar wa jikoki.

Abu na uku ita ce muryar Malam. Murya ce ta mutumin da ya tashi a daji ya saba kiran wanda ke nesa, tana da ɗan kaushi, tana tashi sama ta tsaya kafin ta sauko. Ba a bi da ita ta cikin na'urar nan da ke mayar da muryoyin mawaƙa goma kamar daga hanci ɗaya suke fitowa ba. Waƙoƙin sun haɗa da na gargajiyar Buduma da ya gada daga malaminsa, waɗanda ke magana a kan kakanni da jarumta da zaman tafki, kuma ana jin harsuna daban-daban a ciki, har da Hausa. Gaskiya ne cewa yawancinmu ba za mu fahimci kalmomi da dama ba. To amma Hajiya mai banda ma ba ta jin yaren Buduma, kuma hakan bai hana ta sauke kwandonta ba.

Idan aka tambaye mu wane hali faifan yake saka mutum a ciki, sai mu ce kewa ce irin ta matafiyi. Duk wanda ya taɓa fita da asuba a lokacin hunturu, ya hau saman buhuna a bayan babbar mota, ya ja rawani ya rufe fuska, gari yana raguwa a bayansa, bai san ko zai ci riba ko zai faɗi ba, amma dai ya san dole a tafi, to ya san wannan hali. Akwai damuwa a ciki, akwai kuma ƙarfin zuciya, suna tafe tare ba wanda ya kori wani. Shi ya sa muke ganin ba kiɗan tsakar rana ba ne lokacin da ake ta ciniki. Lokacinsa shi ne bayan an rufe rumfa ana ƙirga cinikin ranar, ko da asuba lokacin da mai ƙosai ke jiran mai ya yi zafi, ko a cikin mota tsakanin Matamaye da Takeita. Yana rage wa zuciya gudu, yana ba mutum damar ya yi tunani, abin da kiɗan rumfunan caji ba ya bari a yi.

Bugu da ƙari, nauyin faifan nan a yau ya fi nauyinsa a ranar da ya fito, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa sanin dalili. A shekarun 1960 faɗin tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwan. Duk da haka mutanen tafki suka ci gaba da rayuwarsu, banda tana fitowa, tattasan Difa yana cika kasuwanni har cikin Nijeriya. Sai kuma a shekarar 2015 rikicin Boko Haram ya shigo jihar Difa, aka kwashe jama'a daga tsibirai, hukuma ta hana cinikin kifi da na tattasai na wani lokaci kafin daga baya a sassauta. Mutane nawa ne a cikinmu jarinsu ya karye a wannan lokaci? Su kuwa Buduma abin da suka rasa ya wuce jari, domin da yawansu sun bar wurin da kakanninsu suka yi waɗannan waƙoƙi. Wanda ya saurari faifan nan yau yana jin muryar wani zama ne da aka ɗauka shekaru kaɗan kafin a tarwatsa shi.

To a nan ne gizo ke saƙar. Wa ya ɗauki wannan murya ya adana? Kamfanin Ingila. Kuma ba a kan Malam aka fara ba, ba a kansa aka ƙare ba. Ƙungiyar Etran Finatawa, wadda ta haɗa Buzaye da Fulani Wodaɓe, ita ma wannan kamfani ne ya fitar mata da faifai a 2006. 'Yan matan nan na ƙauyen Illighadad da ke jihar Tawa, masu kiɗa da jita da turmin da aka rufe da fata da ƙwarya a cikin ruwa, wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ne ya fitar da su, har suka zaga Turai da Amurka. Iyayenmu mata ku ji fa, ƙwarya a cikin ruwa, irin wadda kuka taso kuna bugawa a gidan biki, ita ce mutane ke biyan kuɗin shiga su zauna su saurara a wata ƙasa. Lamarin ya yi kama da na fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ake saye a hannunmu da arha, a kai ta waje a gyara, ta zama takalmi da jaka da ba ma iya taya su. Ba mu zargin wanda ya saya, domin mai saye bai yi laifi ba idan mai kaya bai san abin da ke hannunsa ba.

Abin baƙin cikin shi ne, da can ba haka muke ba. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, mafarauta suna da nasu, mata suna da kiɗan ƙwarya. Makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram sarauta ce ta riƙe su, amma sauran fa? Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, rabin duniyarsa 'yan kasuwa ne da direbobi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa ɗan ƙarami ya yi wa masu ƙananan sana'o'i waƙa har duniya ta san shi. Hajiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi ta zaburar da mata a kan neman na kansu, kuma matan ne suka riƙe ta da liƙinsu da zannuwansu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wani kamfanin waje ya raina. Aljihun Alhaji da bakin zanen Hajiya ne suka raine su.

Yau kuwa yaya muke yi? Idan bikin 'yarmu ya tashi sai mu kashe abin da muka kashe a kan anko da kayan ɗaki da rumfa da kujeru, sannan mu ɗauko yaro da manyan sifiku ya zo ya sa memori. Idan Allah ya kawo wani dattijo da gurminsa ko kukumarsa ya tsaya a bakin ƙofa, sai a miƙa masa dala ashirin a ce ya yi gaba, kamar wanda ya zo bara. Ɗansa yana tsaye yana kallo. Da wane ido wannan yaro zai ɗauki gurmin ubansa? Gobe za ka gan shi a kan kabu-kabu, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Mun ga yadda waƙar niƙa ta tafi. Injin niƙa ya zo ya hutar da iyayenmu mata, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma kan dutse, amma da dutsen ya tafi sai ya tafi da waƙoƙin da kakanninmu suke amayar da abin da ke ransu a cikinsu, ba tare da wani ya tsaya ya ɗauke su ba. Abin da ya kusa faruwa da biram a bakin tafki shi ne yake faruwa a unguwanninmu a hankali. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mun san akwai masu cewa ai zamani ne, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Wannan gaskiya ne, kuma mu ba mu da faɗa da samarin da ke shiga sitidiyo a Damagaram ko Maraɗi ko Kano. 'Ya'yanmu ne, sana'a suke yi, a cikinsu ma akwai masu basira ƙwarai. Abin da muke cewa shi ne, kasuwar da kaya iri ɗaya kawai ake kasawa a cikinta ba ta cika kasuwa ba. Shigowar shinkafa da taliya bai sa mun daina kasa gero ba, kuma ranar da ciki ya ɓaci kunu ake nema. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma waɗanda suka bar sauraron kiɗa gaba ɗaya saboda addini. Waɗannan muna girmama matsayinsu, kuma ba da su muke ba. Muna magana ne da mafi yawanmu, waɗanda wayoyinsu ke cike da waƙoƙi, har da waɗanda ba za su so a kunna su a gaban surukai ba. Tunda dai ana saurare, to a zaɓi abin da za a saurara, kamar yadda ake zaɓen abin da za a zuba a tukunya.

Wasu kuma za su ce ai wannan kiɗan Buduma ne, ina ruwan Bahaushen Matamaye da shi? Amsar tana cikin kasuwarmu. Buzu ya kawo gishiri da dabino, Bafulatana ta kawo nono, Babarbare ya kawo tattasai, mu mu kawo rake da rogo da gyaɗa, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ƙabilar gishiri kafin ya zuba a miya. Faifan nan haka yake. Batube ne ya ɗauki kayan Buduma, ya haɗu da mai duma da kalangu, suka fitar da abin da duk ɗan Nijar zai ce nasa ne. A shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wanda aka ba shi gaba a cikin gida, nauyin kula da kayan ƙannensa ya hau kansa.

Magana mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa ana fama da abin da za a ci, wa ke ta kiɗa? Ba mu manta ba. Mun ga rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, mun kuma ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 har zuwa farkon 2024, lokacin da kaya suka ruɓe a hanya, jari ya narke. Amma a tuna cewa ba a cikin daula kakanninmu suka yi waƙoƙinsu ba, a cikin fari da yunwa da doguwar tafiya suka yi su, kuma da su suka riƙe zukatansu. Sannan abin da muke nema ba sabon kashe kuɗi ba ne. Kuɗin da ake kashewa a biki ana kashe su ko ana wahala ko ba a yi. Wurin da suke zuwa kawai muke so a duba.

Mu mutanen wannan yanki muna da darasi a gonakinmu da ya ishe mu misali. Bayan farin 1984 ƙasar nan ta yi fayau, iska tana kwashe shuka. Manoman Matamaye da Magarya da Mirya ba su jira wani ya kawo musu dashe daga waje ba. Abin da suka yi shi ne, in sun zo sassabe suka tarar da tohon gawo sai su kewaye shi, su rage masa rassa, su bar shi ya tashi. Kowa a gonarsa, ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara ashirin masu bincike suka zo suka auna, suka ce a kudancin Nijar an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, har duniya tana zuwa koyo a wurinmu. Saiwar tana nan a ƙasa tun da can, hannun da ke sare ta ne kawai ya daina. To kiɗanmu ma saiwarsa ba ta mutu ba. A kowane ƙauye na ƙasar Kance akwai dattijo ko dattijuwar da ke riƙe da wani abu a ka. Abin da ake bukata shi ne mu daina sarewa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, duk wanda zai yi biki ko suna, ko da ya ɗauko mai sifika, to ya ware sa'a guda ya kira makaɗin garinsu, ya shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar fili, ya biya shi a gaban jama'a biya na mutunci, domin ɗansa ya gani. Muna kira ga iyayenmu mata masu adashi da ƙungiyoyi, ranar kwasa ko ranar wuni a fito da ƙwarya, a sa tsofaffi gaba, a bar 'yan mata su zauna kusa su ji. Waya tana hannun kowa, a ɗauki muryar Inna da ta Kaka tun suna raye, kada mu jira sai wani ya taso daga Landan ya yi mana.

Muna kira ga samarinmu masu tura waƙoƙi, su buɗe wa irin wannan kiɗa wuri a kwamfutocinsu, mu kuma mu riƙa tambayarsa, domin ɗan kasuwa ba ya sarin abin da ba a tambaya. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, turin memori ba ya kai ko dala ga makaɗi ko magadansa. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan hukumar kare haƙƙin masu fasaha, mu kuma namu shi ne mu biya wanda yake raye a gabanmu hannu da hannu. Gidajen rediyon karkara su ma su ware wani lokaci na dare don faifai irin wannan da makaɗan yankin, ba sai ranar da aka yi rasuwar wani daga cikinsu ba. Ofishin magajin gari da sarakunanmu kuma, idan ana taron salla ko na kokawa, a tuna da masu gurmi da garaya da ƙwarya, kada a bar su a bayan taro. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai tana adana kayan kiɗan gargajiya, amma Yamai ta yi wa ɗan makaɗin ƙauye nisa, kuma gangar da aka rataye a bango ba ta koya wa kowa kiɗa.

Mun samu labarin cewa a kasuwar da ta biyo baya Hajiya mai banda ta koma wurin telan nan da wayarta a ƙulle a bakin zane, ta ce a zuba mata faifan duka, wai tana so jikarta ta ji inda kifin da suke ci yake fitowa. Ba ta san Landan ba, ba ta san UNESCO ba, amma kunnenta ya gane kaya mai kyau kamar yadda hancinta ke gane banda mai kyau. Irin wannan kunne yana nan da yawa a cikin kasuwarmu, hayaniya ce kawai ta toshe shi.

Allah ya jiƙan Malam Maman Barka da malaminsa Bukar Tar, ya mayar da mutanen tafki gidajensu lafiya, ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka, amin.